Kayan gwajin ELISA na Phl p 5: ingantaccen kaya ne, amma bai san gamba da kyasuwa ba

Daga tsakiyar damina zuwa kaka iskar Kaduna cike take da bununi. Gero ke fara yi, masara na biye, dawa ta zo daga baya, sannan ciyayin daji, kyasuwa da gamba da harƙiya da sauransu, su fid da kai yayin da ruwa ke shirin ɗaukewa. Mai asma ko mai murar alaji, wato wanda jikinsa ke yin bori ga abin da ba ya damun sauran mutane, yana jin wannan a hancinsa da idonsa da ƙirjinsa. Abin da mai bincike ke son sani shi ne wace ciyawa ce ke jawo haka, kuma nawa ne adadin abin da take zubawa a iska. Ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Jihar Kaduna, idan ya shiga intanet neman kayan aikin da zai amsa masa wannan tambaya, cikin abubuwan da zai fara cin karo da su akwai kayan gwajin ELISA na Phl p 5, wato gwajin da ke amfani da antibodi ya auna adadin wani furotin na bununin ciyawa mai suna Phl p 5, irin wanda kamfanin InBio ke sayarwa. Kamfanin, wanda a da ake kira Indoor Biotechnologies, yana garin Charlottesville a jihar Bajiniya ta Amurka, yana kuma da reshe a Cardiff ta Birtaniya.

Hukuncin a taƙaice: kayan na da kyau ƙwarai a kan aikin da aka yi shi dominsa. Sai dai wanda zai saye shi don auna bununin ciyawa a iskar Kawo ko Rigasa ko Samaru, kuɗinsa zai zuba a inda ba za su dawo masa da amsa ba. Dalilin yana cikin tsirran kansu.

Da farko, me ya kai mu ga antibodi? Kowane manomi yana bambance gamba da kyasuwa tun daga nesa, amma bununinsu a ƙarƙashin maikiroskof kusan abu ɗaya ne: ƙwaya mai mulmulallen jiki da ƙofa guda ɗaya tak. Haka kusan duk dangin ciyawa suke. Masara ce ta fi fita daban saboda girmanta, ƙwayarta kan kai maikiromita 80 zuwa 100, alhali ta yawancin ciyayin daji ba ta wuce 20 zuwa 45 ba. Shi ya sa tashoshin ƙidayar bununi da ke amfani da tarkon Hirst, na'urar kama bununi daga iska, wanda aka ƙirƙiro a 1952, kan rubuta "ciyawa" kawai su wuce. Ido ya gaza, sai aka koma ga furotin ɗin da ke cikin ƙwayar, domin shi ne ainihin abin da jikin mai alaji ke yi wa bori. Antibodi furotin ne na garkuwar jiki wanda ke kama wani sashe ƙayyadadde na wani abu ya bar saura. Tun da Köhler da Milstein suka nuna a 1975 yadda za a samar da antibodi mai tushe guda, wanda duk kwafinsa wuri ɗaya suke kamawa, aka samu hanyar da za a ce wa kwalba: nemo mini furotin kaza, ka faɗa mini nawa ne.

Phl p 5 furotin ne na ciyawar Timoti, Phleum pratense, ciyawar kiwo ta ƙasashen sanyi. Lamba 5 tana nufin rukuni na biyar cikin rukunonin furotin ɗin bununin ciyawa masu tayar da alaji. A Turai rukunin nan babba ne, mafi yawan masu alajin ciyawa a can jininsu na ɗauke da IgE, wato antibodin da ke tayar da alaji, da ke kama shi.

Kayan na aiki ne da antibodi biyu masu tushe guda. Na farko yana manne a ƙasan gurabe 96 na farantin gwaji, shi ke cafke furotin ɗin daga cikin samfur. Na biyu an liƙa masa biyotin, yana kama furotin ɗin ta wani gefe daban. Sai a zuba sitireftabidin, wanda ke kama biyotin, mai ɗauke da sinadarin feroksides, sannan ruwan da ke canza launi. Gwargwadon duhun launi, gwargwadon yawan furotin. Buƙatar sai wurare biyu sun kamu kafin launi ya fito ita ce ƙarfin wannan tsari, domin tana rage yiwuwar wani furotin na daban ya yi shigar burtu. Tare da antibodi biyun akwai ma'auni, wato furotin da aka san adadinsa, wanda da shi ake zana layin da za a karanta sauran sakamako a kai.

Irin waɗannan kaya kan zo iri biyu, kuma ya kamata a tantance wanne ake aikowa kafin a biya. Akwai wanda kwalabe ne kawai, kai za ka nemo faranti da ruwan wanki da ruwan launi. Akwai wanda farantin ya zo a shafe da antibodi na farko, komai na cikin kwali. Na farkon ya fi sauƙin kuɗi idan samfura na da yawa, amma yana son ɗakin gwaji mai tsayayyen hannu. A nau'in farko za ka narkar da antibodi na kamu cikin ruwan kabonet mai pH 9.6, ka zuba maikirolita 100 a kowane gurbi, ka bar shi ya kwana a digiri 4. Washegari ka wanke sau uku da PBS, wato ruwan gishiri na ɗakin gwaji, mai sinadarin wanki na Tween 20 kashi 0.05 cikin ɗari, ka toshe sauran filin gurbin da furotin ɗin BSA kashi 1 cikin ɗari na kamar rabin awa. Daga nan samfur da ma'auni su zauna awa ɗaya, a wanke, antibodi mai biyotin awa ɗaya, a wanke, sitireftabidin rabin awa, a wanke, sai launi. Idan ABTS ne ruwan launin, kore zai fito, ana karantawa a nanomita 405. Idan TMB ne, shuɗi zai fito, a tsayar da shi da asid ya koma rawaya, a karanta a 450. A duba na'urar karanta faranti tun kafin a yi oda, domin da yawa daga cikin waɗanda ke ɗakunan gwajin asibitoci an saye su ne don gwaje-gwajen TMB, kuma ba kowacce ke da matatar 405 ba. Takardar da ta zo cikin kwalin ita ce gaba da duk wani lissafi da aka karanta a wani wuri, har da wannan.

Gurabe 96 kuma ba samfura 96 ba ne. A ce ma'auni mataki 8 ne, kowanne sau biyu, gurabe 16 sun tafi. Biyu na gurbin wofi, biyu na samfurin tabbaci, saura 76. Kowane samfur yana buƙatar aƙalla sirki iri biyu, kowanne sau biyu, wato gurabe 4. Samfura 19 ke nan a faranti ɗaya. Mai tsara kasafin bincike da ya lissafa 90 zai tsinci kansa a tsakiyar aiki babu kaya, kuma sabon oda na iya zuwa da ma'auni na wani zubin daban.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Dangin ciyawa sun rabu gida-gida. Timoti da Lolium da Poa da Dactylis 'yan gidan Pooideae ne, ciyayin ƙasashen sanyi, kuma furotin ɗin rukuni na 5 kayan wannan gida ne. Ciyayinmu ba nan suke ba. Gamba, kyasuwa, tofa, ƙarangiya, harƙiya, da amfanin gona irin su dawa, gero, masara, rake, da accar da ake nomawa a kudancin jihar, duk 'yan gidan Panicoideae ne. Kiri-kiri, tuji, guɗe-guɗe da komayya 'yan gidan Chloridoideae ne. Shinkafa ma gidanta daban. Waɗannan gidaje ba su da furotin na rukuni na 5 irin wanda antibodin nan ke nema. Ma'ana, kana iya ɗaukar iskar gonar dawa a ranar da bununi ke tashi kamar hayaƙi, ka bi kowane mataki daidai, layin ma'auninka ya fito tsaf, samfurinka ya ba ka sifili. Sifilin gaskiya ne, babu Phl p 5 a wurin. Kuskuren zai shigo ne a babin tattauna sakamako, idan aka rubuta cewa bununin ciyawa ba shi da yawa a iskar Kaduna, ko kuma ba shi ne ke tayar wa mutane asma ba. Irin wannan jumla, da zarar ta shiga kundi, wasu za su yi ta kafa hujja da ita shekara da shekaru.

Kamfanin bai ɓoye komai ba, sunan furotin ɗin na rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kwali, kuma kayan na bincike ne, ba na gano cutar majiyyaci ba. Mai saye ne ke karanta "bununin ciyawa" ya ɗauka kowace ciyawa ake nufi.

Abin da ya haɗa ciyayin duniya shi ne rukuni na 1. Kusan kowace ciyawa na da shi, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na masu alajin ciyawa suna da IgE da ke kama shi: Phl p 1 a Timoti, Cyn d 1 a kiri-kiri, Zea m 1 a masara, Sor h 1 a Sorghum halepense wadda 'yar uwar dawa ce ta kusa, Pas n 1 a Paspalum notatum. Sun yi kama da juna, amma ba su zama ɗaya ba. Aikin da Janet Davies da abokan aikinta suka yi a jihar Queensland ta Ostareliya, inda ciyayin ƙasa mai zafi suka fi yawa, ya nuna cewa jinin masu alaji a can na ɗauke da IgE da ke kama furotin ɗin ciyayin yankinsu ta wuraren da furotin ɗin ciyayin ƙasar sanyi ba su da su. Wannan ya fi kusa da halin da muke ciki fiye da duk abin da aka auna a Jamus ko Ingila. Mai bincike a Kaduna, wasiƙar da ya kamata ya aika wa kowane kamfani ita ce: kuna da antibodi na rukuni na 1, kuma da waɗanne ciyayin Panicoideae da Chloridoideae aka gwada shi? Idan amsar ba ta zo da jadawalin gwaji ba, a ɗauka ba a gwada ba.

To wa kayan zai yi wa amfani a nan? Mutum uku. Na farko, mai son tabbatar da ƙarfin ruwan gwajin fata ko maganin sabar da jiki da aka shigo da su daga waje, domin yawancinsu daga ciyayin Pooideae aka yi su, kuma da rukuni na 5 ake auna ƙarfinsu. Ƙwayar maganin sabar da jiki ta Grazax, wadda aka yi daga Timoti, alal misali, tana ɗauke da kusan maikirogiram 15 na Phl p 5. Ruwan gwajin da ya sha zafi a hanya ko ya daɗe a firijin da wuta ke ɗaukewa yana rasa ƙarfi, kuma wannan kaya zai nuna hakan. Na biyu, mai aiki a kan alkamar rani, domin alkama 'yar gidan Pooideae ce. Shi ma sai ya fara gwada antibodin da bununin alkama zalla kafin ya dogara da shi, kuma ya tuna alkama kanta take yi wa barbara, ba ta sakin bununi mai yawa a iska. Na uku, malamin da ke koyar da ELISA, domin tsari ne mai tsafta wanda ɗalibi zai ga layin ma'auni ya fito yadda littafi ya ce.

Ko ga waɗannan ukun, yanayinmu na da nasa sharuɗɗan. "Zafin ɗaki" da takardar kamfani ke nufi digiri 20 zuwa 25 ne. A watan Maris da Afrilu ɗakin gwaji marar na'urar sanyi a Kaduna yana haye 30 cikin sauƙi. A irin wannan zafi launi na saurin fitowa, manyan matakan ma'auni su cika su daina bambanta, gurbin wofi ma ya fara ɗaukar launi. Magani shi ne a yi aikin da sassafe, a sa ido a kan launi maimakon agogo kaɗai. Da hunturu kuma bushewa ce matsalar: maikirolita 100 ba wani ruwa ba ne, gurabe na gefen faranti suna ƙafewa kafin na tsakiya, sai su ba da lamba mafi girma. A rufe faranti da ledar liƙi a kowane zama, a sa shi cikin roba mai murfi tare da jiƙaƙƙen tsumma, kada kuma a bar gurbi ya bushe tsakanin wanki da zubi na gaba. Ƙurar hazo ita ma tana faɗawa cikin buɗaɗɗen faranti.

Sai batun sanyi. Antibodi da ma'auni ba sa son narkewa da daskarewa a kai a kai, kuma abin da firizar da ke bin wutar Nefa ke yi ke nan ba tare da kowa ya lura ba. Ranar da kaya ya iso a rarraba abin da takarda ta ce a daskarar cikin ƙananan kwalabe, kowace ta aikin rana ɗaya, a ajiye su a firij ko firizar da ke kan sola ko janareto mai tabbas, a sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi girma da mafi ƙanƙanta a ciki. A kuma yi magana da dillali kan yadda kayan zai taso daga Legas ko Abuja, domin kwalin da ya yi kwanaki a wurin kwastan ƙanƙararsa ta narke, kuma ba a gane lalacewar antibodi da ido. Gwajin farko ya zama na ma'auni kaɗai. Idan mafi girman mataki bai yi duhu yadda takardar zubin ta nuna ba, a tsaya a nan, kada a ɓata samfura.

Wasu kurakuran ƙanana ne amma suna kashe faranti gaba ɗaya. Sodiyam azaid, wanda wasu ke sakawa a PBS don kada ya lalace, yana kashe feroksides, launi ba zai fito ba sam. Madarar gari da ake toshe faranti da ita a wasu gwaje-gwajen tana ɗauke da biyotin, ba ta dace da tsarin da ke amfani da sitireftabidin ba. TMB ba ya son haske, idan ya riga ya yi shuɗi a kwalba a zubar. Ruwan da za a haɗa komai da shi ya zama tataccen ruwan ɗakin gwaji, ba na leda ba. Layin ma'auni kuma lanƙwasasshe ne, a zana shi da lissafin nan mai sigogi huɗu da ake kira 4PL, a kuma karanta samfur a sashen tsakiya kawai. Wanda ya ja miƙaƙƙen layi a Excel zai samu lambobi, sai dai ba na gaskiya ba. Idan gurabe biyu na samfur ɗaya suka saɓa da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a duba fifet da hannun mai zubi.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kwali, wato yadda za a kamo samfurin daga iska, kuma wannan ya shafi kowane antibodi, na rukuni na 5 ko na 1. Tarkon Burkard na yau da kullum, wanda nau'in tarkon Hirst ne, yana zuƙar lita 10 a minti, wato mita kubik 14.4 a yini, yana manna abin da ya kama a jikin tef mai danƙo. Tef ɗin na ƙidaya da maikiroskof ne, fitar da furotin daga cikinsa wahala ce. Nau'in da ke juya iska ya zuba ƙura busasshiya cikin ƙaramar kwalba ya fi dacewa, yana zuƙar lita 16.5 a minti. Binciken HIALINE da aka yi a ƙasashen Turai, wanda Jeroen Buters ya jagoranta aka buga sakamakonsa na ciyawa a 2015, ya yi amfani da na'ura mai zuƙar lita 800 a minti, kuma ya gano cewa furotin na rukuni na 5 da ƙwaya ɗaya ke saki yana kamawa daga ƙasa da fikogiram 1 zuwa kusan 9, ya danganta da wuri da rana. A yi lissafi da misali: ƙwaya 50 a kowace mita kubik, a iskar yini ɗaya ta ƙaramin tarko, ƙwaya 720 ke nan. Idan kowace ta saki fikogiram 2, duka bai kai nanogiram ɗaya da rabi ba. A jiƙa wannan cikin ruwa mililita 5, ya ɓace. Saboda haka a jiƙa da ɗan ruwa kaɗan, ko a busar da abin da aka tatsa a sake narkar da shi. A nan kuma kwalbar za ta cika da ƙurar ƙasa da tokar gobarar daji daga Nuwamba, don haka a ɗauki samfur ɗaya a ƙara masa sanannen adadi na ma'auni a ga ko zai dawo. Idan abin da ya dawo bai faɗa tsakanin kashi 80 zuwa 120 ba, ƙurar na tsoma baki.

Wannan bambancin ƙarfi tsakanin ƙwaya da ƙwaya shi ne hujjar auna furotin maimakon ƙidaya kaɗai. Ruwan sama na fasa ƙwayar bununi ta saki ɓarɓashi ƙanana masu shiga can cikin huhu, waɗanda mai ƙidaya ba zai gani ba. Haka ya faru a Melbourne ta Ostareliya ranar 21 ga Nuwamba 2016, lokacin da hadari ya taso a tsakiyar kakar ciyawar Lolium, dubban mutane suka cika asibitoci, goma suka rasu. A can kayan rukuni na 5 na da ma'ana sosai.

Ga wanda burinsa ciyayin gida ne, kuɗin da za a kashe a wannan kaya ya fi amfani a tara bununin tabbaci. A yanko kawunan gamba, kyasuwa, kiri-kiri, dawa, gero da masara daban-daban da safe lokacin da suke saki, a tsoma gindinsu a ruwa, a karkata kawunan bisa farar takarda a ɗakin da iska ba ta kaɗawa, kowace ciyawa a ɗakinta ko a ranarta. A tankaɗe, a duba tsarkinsa da maikiroskof, a busar, a adana da sanyi. Kowace ciyawa a kai samfurinta ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a tabbatar da sunanta a karɓi lamba; masu aikin ciyawar kiwo a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ma sun san waɗannan ciyayi ciki da bai. A tatsi furotin da giram 1 na bununi cikin mililita 10 zuwa 20 na PBS a digiri 4, a juya a na'ura, a tace da matata mai maikiromita 0.22, a auna jimillar furotin da gwajin Bradford. Da wannan, tare da jinin masu alaji da aka ɗauka da izininsu da amincewar kwamitin ɗa'a, ana iya yin ELISA ta hanawa: a haɗa jinin da ruwan ciyawa ɗaya tukuna, a ga ko ya rage kamun da yake yi wa wata. Ta haka ake gane ko alajin mutum na gamba ne da kansa ko kama ce da wata ciyawa. A kula da furofilin da folkalsin, furotin ne da ke cikin tsirrai da yawa, da kuma sukarin da ke jikin furotin irin su Cyn d 1, domin dukansu na sa gwaji ya nuna kamu inda babu ciwo. Idan kuma sunan kowace ciyawa a iska ake so, gwajin DNA da alamomin rbcL da ITS2 ya fi antibodi rarrabewa; da shi aikin PollerGEN na Birtaniya ya rarrabe bununin ciyayin da ke iska, kamar yadda aka buga a 2019.

Likitoci ma abin ya shafe su. Idan za a aika jinin majiyyaci gwajin IgE na ImmunoCAP, haɗin ciyayin da ake kira gx1 duk na ƙasar sanyi ne. Haɗin gx2 ya fi kusa da mu domin yana da kiri-kiri da Sorghum halepense da Paspalum a ciki, kuma ana iya neman g2 na kiri-kiri, g10 na 'yar uwar dawa da g202 na masara ɗaya-ɗaya. Sakamakon da ya haye 0.35 kUA/L yana nuna jiki ya san abin, sai an haɗa shi da lokacin da atishawa ko fuka ke tasowa kafin a kira shi alaji.